Takalman Soja a Cikin Kayan Asibiti

Ku yaran da ke ɗaure kaya a bayan shagunan Peckham, na ji ɗayanku ran nan yana cewa wannan sana'a ba ta buƙatar koyo, wai duk mai hannu biyu da salatif zai iya. Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da tsire. Yau babu komai a bakina, sai ku matso.

Ku yanzu ku zuba kaya a duro, ku naɗe da leda, ku tura cikin kwantena, a rufe ƙofa, shi ke nan. A zamaninmu kwantena ta fara shigowa, amma ba ta kai tashoshin da kayanmu ke zuwa ba. Kowane abu sai an gina masa ɗakinsa na katako. A auna, a yanka, a buga, sannan ƙugiya ta ɗaga shi sama ta dire a cikin jirgi, a jibga masa wasu a ka. Ya yi makonni yana shan iskar gishiri, ya sauka inda za a mirgina shi da ƙafa, a bar shi a rana, a bar shi a ruwa. In ka yi ha'inci a ƙusa ɗaya, teku za ta tona maka asiri.

Ni ba ɗaure kaya ne ya kawo ni Landan ba. Karatun lauya na zo yi, a farkon shekarun saba'in, da akwatin ƙarfe da addu'ar dangi. Jarrabawa ta dube ni ta ce ba ta san ni ba. Na koma, ta maimaita maganarta. Wani ɗan garinmu da muke flat ɗaya ya ce akwai wani sito a wajen Abbey Wood, kusa da kogi, ana neman mai jini a jika. Na ce to, in ɗan taɓa kafin in koma karatu. Da furfura na bar sana'ar.

Wanda ya koya mini aiki sunansa Baba Isiyaka, mutumin zangon Kumasi, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ya sauka a Ingila bai koma ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da fensir a bayan kunne. Hausarsa irin ta can ce, mace da namiji duk “shi” ne. Ranar farko ya tambaye ni abin da ya kawo ni ƙasar nan, na faɗa masa ina ɗan ɗaga kafaɗa. Daga ranar sunana ya koma Lauya. Hatta Baturen da ke da kamfanin bai taɓa sanin sunana Garba ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa: guduma, zarto, abin awo, ƙusoshi, da ɗamarar ƙarfe da ake ɗaure akwati da ita bayan an rufe. Sai takarda mai kwalta da ake shimfiɗawa a ciki don hana danshi, da giris da ake shafa wa duk abin da zai iya tsatsa, da ɓawon katako na cusa wa a lungu don kada kaya ya motsa. Na ƙarshe faranti ne mai hujin haruffa, a manna a jikin akwati a bi da fenti, suna ya fito. Ina raina farantin nan, ina ganin wasan yara ne. Shi ya fi komai ba ni wahala daga baya.

Aikin farko da aka bar mini ni kaɗai, firjin wata Hajiya ne da za ta koma Kaduna. Sito a cike yake, sai na ja firjin cikin ɗan ɗakin da muke shan shayi, don kada kowa ya dame ni. Na auna, na yanka, na shimfiɗa takarda, na cusa ɓawo, na buga ƙusa a karkace yadda aka koya mini. Wallahi akwati ya yi kyau, har na ja da baya ina kallonsa. Na kira Baba. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai.

“Lauya, ya yi,” in ji shi. “To, fito da shi.”

Akwatin ya fi ƙofar faɗi da tafin hannu. Baba ya lura tun ina yanka katakon farko, sai kawai ya ɗauki shayinsa ya fita waje. Sai da na ɓalle komai na sake daga farko, Turawan sito suna wucewa suna sara mini. Tun daga nan nake auna hanyar da kaya zai bi kafin in auna shi kansa kayan.

Ina fara iya riƙe guduma sai kuɗin mai ya ɓalle a gida. Ku ba ku ga lokacin ba. Mutum ya sauko daga jirgi da safe, kafin la'asar ya sayi kujeru masu ruwan gwal, da fitilar gilashi mai reto wadda ba rufin gidan da zai iya ɗaukarta, ya ce a kai masa Kano kada ko ɗaya ta fashe. Na ɗaure wa wani Alhaji fiyano. Na tambaye shi wa ke kaɗawa a gidan, ya ce babu, ya ga dai tana da sheƙi. Ni ma sai kaina ya kumbura. Na fara ɗaura nektai a ƙarƙashin rigar aiki. In an tambaye ni daga gida, sai in ce ina harkar fitar da kaya ƙasashen waje. Ba ƙarya na yi ba, ban dai ambaci ƙusa ba.

Aikin da nake so ku ji ya zo ne a cikin wannan yanayi. Wata ƙasa a nahiyarmu tana yaƙin ƙwatar kanta daga Turawan da ke mulkinta, sai ƙasashe uku na Afirka suka haɗu za su taimaka mata. Ba zan faɗi sunayensu ba, sai dai ɗaya tamu ce. Suka raba ɗawainiya: mu, masu mai, mu sayi kayan, ta biyu ta ba da jirgin ruwa, ta uku ta ɗauki kuɗin ɗauri da ajiya da inshora. Landan aka zaɓa don a nan ake sayen kayan, kuma dukansu suna da ofis a nan. Bindiga ba ta bi ta hannunmu ba. Namu takalman soja ne, da barguna, da tantuna, da tayoyin mota.

Wakilinmu wani Kanal ne, dogon mutum mai ƙamshin turare, Bahaushe. Mai kamfani ya ce tun da yarenmu ɗaya, ni zan riƙa tarbarsa. Turancin Kanal ya ninka nawa, ba ya buƙatar tafinta, amma in ransa ya ɓaci sai ya juyo ya yi mini mita da Hausa. Ni kuwa na ɗauka an shigar da ni sirrin gwamnati. Na sayi sabon nektai.

Rigimar farko a kan fenti aka yi ta. Mun gama akwatuna jibgi guda, aka zo rubuta sunayen ƙasashen da suka ba da taimakon. Kanal ya ce, “Malam, namu a sama, haruffansa su fi girma. Mu muka sayi kayan.” Na buga. Wakilin masu jirgi ya zo, wani mai shan lofe, ya ce kayan da ba su da jirgi tarin shara ne, a sa nasu a sama. Na shafe da baƙin fenti na sake. Wakilin ƙasa ta uku, ɗan siririn mutum mai tabarau, ya ce adalci shi ne a bi jerin haruffa, kuma da aka duba, harafin ƙasarsa ne a gaba. Na shafe na sake. Har da abin awo suka zo suna gwada tsawon haruffa. Fenti ya yi kauri a jikin akwatunan nan kamar ɓawon tuwo. Baba yana zaune yana wasa zarto, ya ce, “Lauya, ga shari'a ya same ka har gida.”

Muna cikin haka yaƙi ya ƙare. A rediyon sito muka ji. Turawan mulkin sun yarda za su tattara su tafi. Muka yi murna, Kanal ya aiko mana da lemo, har mai lofe da mai tabarau suka rungume juna a gaban akwatunan. Na ce a raina aiki ya zo ƙarshe. Ashe yanzu ya fara.

Ba a jima ba wata mata ta shigo sito, baƙa, 'yar ƙarama, da kwat mara kauri da jakar hannu da ta sha jiki. Sunanta Madam Luziya. Ma'aikaciyar jinya ce da ta yi shekarun yaƙin a daji tare da mayaƙan, sabuwar gwamnatinsu ta turo ta karɓar kayan. Ta sa na buɗe mata akwati ɗaya. Ta ɗaga takalmi ta juya shi, ta mayar.

“Mun gode,” in ji ta da Turancinta mai tsalle. “Amma asibitin garinmu ba shi da rufi. Rijiyoyi an zuba musu ƙasa. Takalmi ba zai ja ruwa ba.”

Tsakani da Allah, Kanal ya yi abin kirki a nan. Ya aika gida, aka amince, aka sayo kwanon rufi, da injinan jan ruwa, da gadajen asibiti, da janareta, da wani babban injin dafa kayan tiyata mai ƙofa kamar ta tanda. Wannan injin ni da Baba muka yi masa akwati. Ƙasansa katako ne mai kaurin cinya, muka ɗaure ƙafafunsa da noti, muka cire agogon da ke gabansa muka naɗe daban. Sito ya cika maƙil, na yaƙi a dama, na zaman lafiya a hagu, sai wata 'yar siririyar hanya a tsakiya.

Sai jirgi ya ƙi zuwa.

Masu jirgi suka ce su kayan yaƙi suka yi alkawarin ɗauka, kuma kayan yanzu sun ninka. Suka ƙara da cewa man da jirgin zai sha ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, masu sayar da shi kuwa ga su nan a teburi ɗaya da su. Mai tabarau ya ce majalisarsu taimakon yaƙi ta amince da shi, sake gina ƙasa wata jaka ce daban, ga fari yana kashe musu dabbobi a gida. Dukansu biyu suka zuba wa Kanal ido. Shi kuma ya ja ni gefe.

“Malam, ka ga mutanen nan? Tun da aka ce mai ya yi daraja, kowa ya ɗauka rijiya ce a bayan ofishina. Mun sayi na yaƙi, mun sayi na zaman lafiya, yanzu kuma mu yi hiring ɗin jirgi? To su me suka zo yi? In na kai wannan magana gida, sai a ce in dawo in yi bayani.”

Na ce, “Gaskiya ne, ranka ya daɗe.” Da mai lofe ya yi mini nasa bayanin na ce gaskiya ne. Mai tabarau ma na ce gaskiya ne. Abin haushin shi ne duk ukun suna da gaskiya, kaya kuma suna nan ba su motsa ba.

Wannan ce muguwar shekararmu. Kowane taro sai a ce an yi cancel, ko wani ya tafi gida karɓo umarni. Mai tabarau ya dakatar da biyan ajiya har sai an daidaita. Ba mu da wurin sa kayan wasu, Alhazan masu kujerun gwal suka koma wani kamfani. Mai kamfani ya sallami ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ya rage ni da Baba a kan rabin albashi. Sanyi ya shigo, ga ɗauke wuta da ake yi a lokacin, ga danshin kogi yana tasowa ta ƙasa. Aikinmu ya koma na gadi: mu ɗaga akwatunan ƙasa mu sa musu katako, mu tare inda rufi ke yoyo, mu buɗe injinan ruwa mu ƙara giris mu rufe, mu kori ɓeraye daga barguna. Ni mai harkar fitar da kaya ƙasashen waje, da yamma ina wanke kwanuka a wani gidan abinci a Peckham. Nektai ya koma abin ɗaure bututun da ke yoyo a flat.

Madam Luziya kuwa ba ta fasa zuwa ba. Ta hau bas ta zo, ta zauna a kan akwatin gadaje, ta tura hannuwa cikin hammata. Ba ta yawan magana. Wata rana Baba ya miƙa mata shayi, ta ce damina ta kusa a ƙasarsu, kuma a ƙarƙashin bishiya ake karɓar haihuwa. Ta faɗa kamar mai faɗin farashin tumatir. Da ta tafi Baba ya ce, “Matan nan, shi kaɗai ne namiji cikin su duka.”

Maganar ta tsaya mini, sai na yanke shawarar in yi amfani da karatun lauyana. Na ciro babbar rigar Sallah, na kafa hula, na shiga tube, jirgin da ke bin ƙarƙashin ƙasa, cikin sanyin nan ba tare da kwat ba, don kada kwat ta ɓata ado. Na shirya jawabi a kaina, mai gabatarwa da hujjoji da rufewa. Na zauna a ɗakin jiran ofishin Kanal haƙorana suna kaɗawa, har aka kira ni. Yana ganina ya washe baki.

“Alhamdu lillahi, Malam, kamar ka san ina nemanka! Uwargida ta yi shopping, akwai kwanukan tangaran da madubi. Gobe ka zo da kayan aikinka.”

Na ce, “To, ranka ya daɗe.” Iyakar jawabina ke nan. Washegari na je na ɗaure tangaran, kuma na ɗaure shi da kyau.

Abin da ya warware maganar daga Madam ya fito. Ta ce taro na gaba ba za ta je otal ba, sai dai a yi shi a sito, a gaban kayan. Ba wanda ya iya ce mata a'a, tun da don ƙasarta ake taron. Suka zo da manyan motoci, muka jera musu ƙananan akwatuna suka zauna. Babu hita, babu shayi da biskit, numfashin kowa yana fita kamar hayaƙi. Mai lofe ya fara dogon bayaninsa, bai yi nisa ba ya taƙaita.

Madam ta tashi ta tambaye shi, “Kun yi alkawarin ɗaukar barguna da tantuna da takalma?”

Ya ce sun yi.

Ta juya ga Baba. “Me kuke cusawa a akwati don kada inji ya motsa?”

Baba ya nuna mata tarin ɓawon katako.

“To a zubar da wannan. A naɗe injinan da barguna. A lulluɓe kwanon rufi da tantuna. A cusa takalma a lunguna. Kaya za su ragu, kuma kowane akwati akwai alkawarinku a ciki.”

Wa ya fara yin magana? Ni. Na ce wannan ya saɓa wa ƙa'idar sana'a, takalmi ba abin cusawa ba ne, ba a taɓa yi ba. Baba ya taka mini ƙafa har na ji a ƙwaƙwalwata. Ya ce da su zai yiwu. Na yi shekaru bayan nan ina ba da labarin a majalisa kamar ni na kawo dabarar. Baba ya rasu, Madam ba ta nan, ba mai ƙaryata ni. Yau dai na faɗa muku yadda aka yi.

Ba wai dabarar ta sa zukatansu sun narke ba ne. Ta dai ba kowa abin da zai faɗa in ya koma gida. Mai lofe zai ce kayan yaƙi ya ɗauka kamar yadda aka yi alkawari. Mai tabarau zai ce akwatunan da majalisa ta amince da su ne, an dai sake shirya su. Kanal ya yarda ƙasarmu ta zuba wa jirgin mai, ya kira shi kyauta, ba kaso ba. An ɗan ja a kan tayoyi, aka bar su a baya. Sauran kuma sanyi ya ƙarasa. Ban taɓa ganin manyan mutane sun sa hannu da sauri haka ba.

Sake ɗaurin nan shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. A ɓalle akwati ba tare da an fasa katakon ba, don babu kuɗin sabo. A zare ƙusa a miƙe ta a sake amfani da ita. Bargo yana shan danshi, saboda haka sai an fara naɗe ƙarfe da takarda mai kwalta, sannan bargo, sannan wata takardar. Takalmi kuma ba ya zama inda ka sa shi. Sai Baba ya gano a riƙa haɗa su biyu biyu, baki cikin baki, a ɗaure da igiyarsu, su zama kamar bulo mai taushi. Injin dafa kayan tiyata muka kewaye shi da irin wannan bulo daga ƙasa har sama. Madam da kanta ta tuɓe kwat tana ɗaure igiyar takalma tare da mu. Maganar suna kuwa, ba wanda ya sake tayar da ita. Aka bar kowane akwati da abin da fenti na ƙarshe ya ce.

Ranar lodi muka bi motocin zuwa tashar jiragen ruwa da ke can ƙasan kogi. An ce za a zo da mai ɗaukar hoto, sai na ari kwat da wando na abokin zamana, wanda bai kai ni jiki ba. Ana yayyafi. Jirgin tsoho ne, duk tsatsa, amma jirgi ne. Wakilan uku suka jeru ƙarƙashin laima, na matsa kusa da su ina gyara wuyan riga. Ƙugiya tana ɗaukar akwatuna ɗaya bayan ɗaya. Aka zo kan na injin tiyata. Ya tashi, ya kai tsayin mutum biyu, sai na ga igiya ɗaya tana zamewa daga kusurwa. Kafin wani ya buɗe baki, akwatin ya karkace ya faɗo a kan siminti.

Ƙarar ta sa tsuntsayen teku suka watse. Gefe ɗaya ya tsage, takalman soja suka tarwatse ko'ina, ɗaya ya mirgina har gaban Kanal. Madam ba ta yi ihu ba. Ta taka a hankali ta je ta tsaya a gaban akwatin. Ni da Baba muka ɓalle sauran katakon, muka zare barguna. Na shafa jikin injin daga sama har ƙasa. Notin ƙafafu suna nan daram. Baba ya buɗe ƙofarsa ya rufe, ta shiga da ɗan sautinta kamar yadda ta saba. Muka kwance agogon da muka naɗe daban, ko tsaga babu. Takalman da na ce ba abin cusawa ba ne, su suka shanye dukan.

Na ɗago in ga ko za a yaba mana. Ina! Wakilan sun riga sun fara. Mai tabarau yana cewa kaya sun bar sito, ba ruwansa. Mai lofe yana cewa ba su taɓa jirgi ba tukuna, ba ruwansa. Dukansu suka juya ga Kanal, shi kuma ya ɗaga ido sama. Matuƙin jirgin ya aiko cewa ruwa zai janye, ba zai jira kowa ba.

Madam ta sunkuya ta zaro guduma daga jakar Baba ta miƙo mini.

“Rufe shi,” in ji ta.

Na durƙusa a cikin ruwa da kwat ɗin aro. Ina durƙusawa wandon ya yage daga baya, ƙarar da kowa ya ji. Ban waiga ba. Baba yana miƙo katako, Madam tana tsinto takalma tana cusawa, ni ina bugu da ƙusoshi a baki. Ba a jima ba na ga wani hannu mai agogon gwal ya miƙo takalmi ɗaya. Kanal ne. Sai mai lofe ya riƙe mana laima, mai tabarau ya dafe ƙarshen ɗamarar ƙarfe da ƙafarsa ina ja. A nan mai hoto ya ɗauka. Na ga hoton daga baya: manyan mutane uku suna taimakon ƙasa 'yar'uwa, a gabansu kuma bayan wani mutum da yagaggen wando.

Akwatin ya hau. Madam ta bi jirgin, ta ce ba za ta sake rabuwa da kayan nan ba sai a ƙofar asibiti. Ta yi mana sallama da hannu, ba dogon jawabi.

A jirgin ƙasa na komowa na zauna a kan jarida, na rufe cinya da jakar kayan aiki. Da muka kusa sauka, Baba ya ce, “Lauya, akwatin ya yi.” Bai taɓa faɗa mini haka ba, ba tare da wata magana ta biyo baya ba. Na jira. Ya ce, “Wandon ne bai yi ba.”

Kamfanin bai daɗe ba bayan nan ya rufe, shekarar ta riga ta karya shi. Na koma wani sito, daga nan wani, har na buɗe nawa ɗan wurin. Ban sake jin ɗuriyar Madam Luziya ba. Ban sani ba ko kwanon ya riga damina isa, ko injin ya samu wutar da zai yi aiki, ko wa ya sa takalman. Mutane sukan tambaye ni, in ce ban sani ba, su ga kamar na ɓoye ƙarshen labarin ne. Ba abin da na ɓoye. Haka aikin yake: kai ka rufe, wani ya buɗe a inda ba za ka taɓa zuwa ba, kuma ba zai san sunanka ba sai in abin ya fashe. Ni dai ba wanda ya taɓa nemana daga ƙasar nan.